Majigin Asabar a ɗakin karatun unguwarmu: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Mun zauna da la'asar, mu ƴan kwamitin ɗakin karatu, muka tsai da magana. Daga wannan wata za a riƙa nuna fim kyauta a harabar ɗakin, daren Asabar bayan isha'i, duk lokacin da hali ya yi. Sharaɗi biyu muka gindaya. Na farko, ba kowane fim ba, sai wanda aka ciro daga littafi. Na biyu, kafin a kunna na'ura sai an karanta shafi ɗaya ko biyu na littafin da babbar murya, kuma da Hausa, ko da kuwa da Faransanci aka rubuta shi.

Abin da ya kawo wannan shawara ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin cike yake da littattafai, amma masu shigarsa sanannu ne: ƴan lakwal na kwaleji da lise, su ma sai jarrabawa ta matso, sai ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi masu neman inuwa da wurin cajin waya. Bana abin ya fi muni, domin ambaliyar damina ta sa an ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba, ɗakin ya zauna ba kowa sai ƙura. Ɗan kasuwa, ɗan kabu-kabu, tela, matar aure, duk ta ƙofar suke wucewa, ba wanda ya taɓa jin cewa da shi aka gina wurin.

Mai kula da ɗakin ya ce in dai fim ne za a zo, tun da gidajen siliman da garin ya sani a da sun mutu, ba abin da ya rage sai gidajen kallon ƙwallo da fuskar waya. Ban musa masa ba. Abin da nake so in gani shi ne ko wanda fim ya kawo zai waiwayi kantocin littattafai kafin ya tafi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An shafe bangon baya da farar ƙasa, an yi hannu biyu. Wani mushe na lise ya ara mana majigi, wani mai hayar kayan biki ya ba da bafule guda da makirufo. Takarda ta je meri, mun gai da mai unguwa, mun kuma je wurin limamin masallacin da ke bayanmu. Abu biyu ya nema: kada a kunna sauti sai an sallame isha'i, kuma a raba wurin zaman maza da na mata. Mun amince nan take.

Sai batun izini. Wasu cikinmu na ganin tun da ba kuɗi za mu karɓa ba, ba sai an tambayi kowa ba. Ni ban yarda ba. Kyautarmu ba ta halatta mana aikin wani, balle a gidan da aka gina don mutunta marubuta. Mun rubuta wa masu riƙe da haƙƙin kowane fim, wanda ba a amsa mana ba zai jira.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Jiya aka buɗe, da Shaihu Umar. Ba mu sha wahalar zaɓe ba: littafin Hausa ne, fim ɗin Hausa ne, ba a bukatar tafinta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar ƙagaggun labarai da ofishin fassara na Zariya ya shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi da Idon Matambayi. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Fim ɗin ya daɗe ba a ganin sa, sai da aka gyara shi a Jamus aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Na faɗi wannan a taƙaice kafin karatu. Da na ce marubucin shi ne Firayim Ministan Najeriya da aka kashe a Janairun 1966, sai na ji wurin ya ɗauki guna-guni. Dattawa sun san Ɓalewa ɗan siyasa, amma da yawa ba su taɓa jin ya rubuta labari ba.

Wata ɗaliba ce ta yi karatun, daga kwafin da wani ɗan kwamiti ya sayo a Katsina. Muryarta ta yi rawa a layukan farko, daga baya ta zauna. Yara ba su saurara ba, su dai bango suke kallo. Manya kuwa sun yi tsit.

Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma tafiyarsa a hankali take, irin ta fina-finan wancan zamani. Kafin a kai rabi ƙananan yara sun zube kan tabarmi, samari kaɗan sun sulale. Waɗanda suka tsaya su ne suka biya mu wahalarmu. Labarin yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba baƙon labari ba ne a nan. Maraɗi kanta ƴan gudun hijira suka kafa ta, Katsinawan da jihadin farkon ƙarni na 19 ya kora, kuma an shafe shekaru ana kai hari ana kawo hari tsakaninta da ƙasashen Sakkwato. Duk inda aka yi irin wannan yaƙi an kama mutane. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ta ba shi labarin ƴar'uwarta da aka ɗauke a gona ba a sake ganin ta ba. Wani ya ce masa, "Baba, mu ma fa mun kamo na wasu." Aka yi shiru, sannan dattijon ya ce, "Gaskiya ce, ɗana."

Daga ɓangaren mata wata ta ce ita ba ta ga dalilin da aka sa wa labarin sunan ɗan ba, alhali uwar ce ta sha wuya, ta kuma mutu jim kaɗan bayan ta same shi. Ban da amsa, kuma ina ganin ba ta bukatar amsa.

Da aka tashi, wani tela ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Mushe, wanga littahi ana bada aronai?" Kwafi ɗaya tak muke da shi. Mai kula da ɗakin ya buɗe masa kati a wurin, da hasken waya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mandabi, na Sembène Ousmane, 1968, daga gajeren littafinsa Le Mandat. Da harshen Wolof yake, da rubutun Faransanci a ƙasa, don haka a karon farko muka sa tafinta. Wani saurayi mai aikin rediyo ya riƙe makirufo, yana karanta rubutun yana mai da shi Hausa, mu kuma muka rage sautin fim ɗin.

An yi dariya jiya har da riƙe ciki. Magidanci a Dakar, ba aiki, mata biyu da ƴaƴa, ɗan ƴar'uwarsa mai sharar titi a Faransa ya aiko da manda, wato takardar karɓar kuɗi a gidan waya, ta jika 25, kuma mafi yawan kuɗin ma ajiya ce, ba nasa ba. Kafin ya ga ko dala, labari ya game unguwa, masu roƙo sun cika gida, mai kanti ya buɗe littafin bashi. A gidan waya a ce sai katin shaida, wurin katin shaida a ce sai takardar haihuwa, wurin takardar haihuwa a ce sai ranar da aka haife shi. Kuɗin sefa ne irin namu, ofisoshin irin namu ne, har rigar mutumin da tafiyarsa an san mai irin su a kowace unguwa. Muhawarar bayan fim ta bar Sembène ta koma kan takardar haihuwa da yaran da ake tarar ba su da ita sai ranar rajistar jarrabawa. Na bar ta ta tafi inda take so.

Inda muka saɓa shi ne tafintan. Kunnen samarin garin nan ya saba da fassarar Indiya-Hausa, inda mai magana ke zuba barkwanci daga aljihunsa. Tafintanmu ya bi wannan hanya, ya sa wa jarumin kalmomin da bai faɗa ba, jama'a kuwa suka ji daɗi. Amma a ƙarshen fim ɗin, inda mutumin ya gane an cuce shi ya karaya, mutane na ta dariya domin an riga an koya musu cewa wawa ne. Ba wawa ba ne. Mutum ne mai mutunci da takarda ta fi ƙarfinsa. Na gaya wa saurayin haka bayan an watse. Ya ce, "Yaya, in na bi rubutun kawai barci za su yi." Muka rabu a kan zai riƙa kallon fim ɗin tare da mu kafin ranar, a nuna masa inda zai sake da inda zai kama bakinsa.

Littafin yana kan kanta, da Faransanci. Ba wanda ya tambaye shi.

Asabar, 28 ga Disamba

Ba majigi. Sanyi ya sauko, ƙurar hunturu ta rufe gari, ga kokowar takobi ta ɗauke hankalin kowa, duk fada an kewaye rediyo ko talabijin. Ba mai hankalin da zai ja da kokowa a ƙarshen Disamba. Mun yi amfani da hutun muka gyara wayar wuta, muka kuma samu alkawarin aron ƙaramin gurup, domin a daren Mandabi an ɗauke kuran ana tsakiyar kallo, sai da aka yi zaman jira.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Matan da suka zo dare biyun farko ba su da yawa, kuma galibi tsofaffi ne da ƴan mata ƙanana. Wata malamar firamare ta ce laifin lokaci ne: bayan isha'i matar aure ba ta fita kallon fim, ko da ɗakin karatu ne. Ta nemi a ba su Lahadi bayan la'asar, a cikin ɗaki, a rufe tagogi da barguna. Yau aka gwada, aka maimaita Shaihu Umar, ɗakin ya cika har ana zama tsakanin kantoci.

Abin da na ji a zaman nan ya fi fim ɗin amfani gare ni. Malamar ta tambaye su wa ke karatu a gida. Hannuwa suka tashi fiye da yadda kowa cikinmu ya zata. Littattafan soyayya suke karantawa, na marubutan Kano da Katsina da na nan gida, ana turo musu babi-babi ta WhatsApp, wasu har biya suke yi a sa su cikin rukuni. Wadda ba ta iya boko ba tana sauraren mai karantawa a waya ko a rediyo. Wata ta ce ta fi shekara goma ba ta kwana ba tare da ta karanta wani abu ba, amma ba ta taɓa sanin ana ba da aron littafi kyauta a unguwarsu ba. Ta tashi ta zaga kantocin, ta dawo ta ce, "To ina namu?"

Ashe lissafin da ake yi a kan garin nan, cewa mutane ba sa karatu, gurgu ne. Ga masu karatun allo da na littattafan addini da ajami, ga waɗannan mata. Karatu ana yin sa. Kantocinmu ne ba su da abin da ake karantawa. Da muka duba, littattafan Hausa da ke ɗakin ba su cika rabin kanta ɗaya ba, mafi yawa kuma na yaƙi da jahilci ne, kan tsabtar ruwa da kiwon kaji.

Sun nemi fim ɗin Kano. Wani ɗan kwamiti ya yatsine fuska, ya ce ba don wannan aka kafa majigin ba. Na tuna masa sharaɗinmu: fim daga littafi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim a 1994, kuma irinsa ne ya koya wa dubban mata karatun Hausa ba tare da aji ba. In an sami kwafi mai kyau da izinin mai shi, za a nuna.

Lahadi, 26 ga Janairu

Sarauniya. Tun farko na san wannan dare ne zai fi zafi, shi ya sa muka sanar cewa ba na yara ba ne, akwai kisa da ƙone-ƙone.

Abdoulaye Mamani ya wallafa littafin da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi fim ɗin a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. A Nijar aka so ɗaukarsa, amma a Burkina Faso ta zamanin Sankara aka ƙare, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Sakamakon haka shi ne sarauniyar Lugu, Ba'azniyar ƙasar Arewa ta wajen Dogondutsi, ba Hausa take yi a fim ɗin ba. Sai da tafinta ya mai da ita harshenta. Wannan karon ya kama bakinsa, na kuma gode masa a gaban jama'a.

Shafin da aka karanta mu muka fassara shi, ni da mushen da ya ara mana majigi, muka kwana biyu muna ja-in-ja a kansa. Kafin karatun na ba da tarihin a gajarce, domin abin ya shafe mu kai tsaye. Rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta auka wa Lugu a Afrilun 1899, ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta ci gaba gabas tana ƙone garuruwa. Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwanakin da suka biyo baya sojojinsu suka juya musu, suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Dankori da Maijirgi ƙasar Tasawa ce, jiharmu ce, hanyar da motocin Damagaram ke bi kullum. Ragowar rundunar ita ce ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata. Da yawa cikin samarin sun sha wuce Maijirgi ba su san abin da ke kwance a wurin ba.

Bayan fim ɗin aka rabu gida uku. Samari sun tashi da zafin kai, suna tafi, suna ɗora labarin kan siyasar yau. Wani malami ya ce shi bai ga abin alfahari ba a mai da mai tsafi gwarzuwa, a kuma nuna sarakunan Musulmi suna jan ƙafa. Sai wani tsohon mushen tarihi ya miƙe da sandarsa, ya ce dukkansu su yi hankali: littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan abin da ya faru, Mamani ɗan gwagwarmaya ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, yana neman gwarzon da zai ba ƙasa, don haka ya faɗaɗa abin da bakin mutanen Lugu ya riƙe. Yaƙin gaskiya ne, matar gaskiya ce, amma jawaban da ke bakinta na marubuci ne. Wani saurayi ya ce, "Kenan ƙarya ce, Baba?" Ya ce, "A'a. Littafi ne. Je ka karanta ka dawo mu yi magana."

A ganina wannan ita ce magana mafi tsada da aka yi a harabar nan tun da muka fara. Sai dai saurayin a aji huɗu na firamare ya bar lakwal. Kwafin da ke kantarmu na Faransanci ne. Ya karɓa, ya juya shi, ya mayar. Ya tambaya ko za mu ba shi takardar da muka fassara, muka ba shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ake buɗe FESPACO karo na 29 a Wagadugu, mu kuwa a nan fim ɗin ƙasarmu ya gagare mu. Abin takaici ne in aka tuna cewa Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin, a 1972. Mun so nuna Toula na Moustapha Alassane, wanda aka ciro daga labarin Boubou Hama, kan fari da budurwar da aka ce a sadaukar don ruwa ya sauka. Har yau ba mu sami kwafin da za a iya haskawa a bango ba. Fim ɗin Senegal ya fi sauƙin samu a Maraɗi a kan na Nijar.

Maimakon a rufe ƙofa, muka sanar cewa daren yau karatu ne zalla, daga Ruwan Bagaja. Yara suka yi ihu suka watse, samari fiye da rabi suka bi su. Waɗanda suka rage dattawa ne, da telan nan, da wasu ƴan mata. Mai karatun ya iya, ya san inda zai ja murya da inda zai tsaya a yi dariya. An kai ƙarfe goma.

Kwamiti ya rabu a kan wannan. Wasu sun ce an ga iyakar abin: ba fim, ba jama'a. Ni na ce a raba su, daren fim daban, daren karatu daban, kowa ya zo wanda yake so. Ba a yanke ba. Azumi na bakin ƙofa, dare zai koma na tarawihi da tafsiri, don haka an dakatar da komai sai bayan salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo. A tsakanin nan kundin da gwamnati ta fitar a ƙarshen Maris ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An tattauna shi a zaman yau, kowa da ra'ayinsa. Mai kula da ɗakin bai ce komai ba, ya dai nuna mana rabin kantar nan da yatsa.

Halin da ake ciki: Shaihu Umar bai kwana a ɗakin ba tun Nuwamba, daga hannu sai hannu, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zare a shagon telan, akwai kuma sunaye a layi. Ruwan Bagaja ma ya fita. Le Mandat da littafin Mamani suna nan inda suke. Sabbin katunan da aka buɗe galibi na matan Lahadi ne, ko da yake yawancinsu ba su sami abin ara ba tukuna.

An yanke abu uku. Kuɗin da aka tara don sayen majigi namu na kanmu za a raba shi biyu, rabi ya tafi littattafan Hausa; wanda zai je Katsina a makon gobe zai tambayo farashin na kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya, ni kuma zan rubuta wa gidan ɗab'i na Gashingo a Yamai in ji abin da suke da shi. Malamar firamare za ta tattaro sunayen marubutan da matan ke karantawa, a tuntuɓe su ko suna da bugaggu. Ni da mushe za mu ci gaba da fassara shafukan Mamani don karantawa a zaure kawai, ba don bugawa ba, sai an sami izini.

Zafi ya yi yawa, zaman Lahadi cikin ɗaki da tagogi a rufe ba zai yiwu ba yanzu, an mai da shi safiya. Majigin waje zai ci gaba har ruwan farko. Na gaba ranar 26 ga Afrilu ne, za a maimaita Mandabi saboda waɗanda ɗauke wuta ta kora a Disamba. Har yanzu ana neman wanda zai ara mana tabarmi, na masallaci ba za su ƙara fita ba.